Maki Arba'in da Ɗaya da Sunan Aro

Litinin, 7 ga Yuli, 2025

"Malama Rahamatu, in dai ni ne shugaban kwamitin nan, sunan Kalsum ne zai fara hawa bango. In bai hau ba, ki kira ni maƙaryaci." Sadisu ke nan, watan Afrilu, a ƙofar gidana, hannunsa a ƙirji kamar mai rantsuwar kama aiki. Na rubuta yau don kada gobe ya ce kunnena ne.

An gyara tsohon filin ƙwallon kwando na bayan kasuwa, sabon siminti, shuɗin fenti. A bangon gabas za a rubuta gwanaye goma da unguwar Hausawan Agege ta taɓa fitarwa, biyar na da, biyar na yanzu. Yau aka fitar da jerin. Na da, maza biyar. Sadisu na uku. Na sake karantawa daga ƙasa zuwa sama. Babu Kalsum.

Maƙaryaci. Na faɗa, amma takarda kaɗai ta ji.

Laraba, 9 ga Yuli

Zaman kwamiti bayan la'asar a shagon tayoyin Sadisu, ruwa yana dukan kwano. Mu bakwai, ni kaɗai mace. Sun sa ni ne don ni ke koyar da tarihi, kuma ni ke da akwatin tsofaffin jaridu da takardun gasa.

Kafin a shiga magana sai da suka ɓata minti arba'in a kan gwanayen Amurka, na shekarun casa'in da na yanzu, wane ne ya fi. Wannan ya ce na da sun fi ƙashi, wancan ya ce na yanzu sun fi ido. Har da tashi tsaye ana kwatanta tsalle da babbar riga. Sun san lambar takalmin baƙon da bai san da zamansu a duniya ba, ba su san wadda ta fito daga layinsu ba.

Da na tambaya, Shafi'i sakatare ya gyara zaman gilashinsa ya buɗe littafi. "Malama, ai dokarki ce. A zaman farko ke kika kawo ta. Ba mai hawa bango sai da hujja a rubuce, jarida ko takardar gasa mai ɗauke da sunansa. In babu, shaidu biyu 'yan unguwa da suka gani da idonsu."

Ni na kawo ta, gaskiya ne. Na kawo ta don kada kowa ya cusa yayansa da abokin shan shayinsa. Ba ramin mugunta na gina ba, amma na gina shi da zurfi, kuma Kalsum ce ta faɗa.

Na ce ai akwai jarida. Ya ce jaridar Bose Alabi ta ce. Na juya wajen Sadisu. Yana ta duba wata taya kamar yau ya fara ganin taya.

Alhamis, 10 ga Yuli

Bari in rubuta yadda aka yi, tunda ga alama nan gaba ni ma za a ce ban taɓa zuwa duniya ba.

Shekarar 1991, muna sakandare. Malamin motsa jiki, Koci Rasaki, Allah Ya ji ƙansa, ya ga tsawon Kalsum ya ce sai ta yi wasa. Ni bin ta kawai na yi, kamar yadda nake bin ta ko'ina. Mahaifinta limamin masallacin layinmu, nawa mahauci mai saurin hannu. 'Yar Hausawa a fili tana gudu maza suna kallo? Da labari ya kai gida, karatun ma ya ƙare ke nan. Sai koci ya yi dabara. A takardar gasa ta zama Bose Alabi, ni na zama Kemi Alabi, wai ƙanwarta. Yarbanci a bakinmu kamar ruwa, a nan aka haife mu, a nan aka haifi iyayenmu. Mu fita da mayafi, mu canza kaya a ɗakin ajiyar makaranta, mu dawo gida mu ce darasin yamma ne ya tsare mu.

Maris 1993, wasan ƙarshe na gasar 'yan matan makarantu, can wajen Surulere. Mun ci hamsin da takwas, su hamsin da biyu. Arba'in da ɗaya na Kalsum ne ita kaɗai. Filin ko layin maki uku ba a zana masa ba, duk nisan da ka jefo biyu ce. Ƙwallon roba da ta siɗe kamar sabulu. Takalmin kambas ɗinta na hagu ya yage tun kafin hutu, ta ɗaure shi da igiyar usur ɗin koci ta ci gaba. Jarida ta ba ta layi huɗu da hoto mai duhu. Na yanke na ɓoye a littafin tarihina. Ba mu yi guɗa ba. Mun shigo unguwa shiru kamar waɗanda suka yi sata.

'Yan unguwa uku ne suka gani, don ƙungiyar maza ta buga kafin mu, aka lallasa su, suka zauna kallo. Munir ya rasu. Abdoulaye ya koma Nijar tun tuni, ba mai labarinsa. Saura Sadisu. Shi ya ɗauki jakar Kalsum har inda ake shiga danfo, motar haya, yana cewa bai taɓa ganin irin wannan ba.

Ni shaida ɗaya. Shi ne na biyun.

Asabar, 12 ga Yuli

Na kira shi sau huɗu. Bai ɗauka ba.

Lahadi, 13 ga Yuli

Gidan Kalsum. Shekara biyu ke nan da shanyewar ɓarin jiki ta same ta, kuma da za ta zaɓa, hannun dama ta ɗauka. Wancan hannun. Yana kan cinyarta kamar an ajiye mata shi aro. 'Yarta Nazifa ta kawo mini zoɓo ta fita.

"Rahama, wannan fuska kamar an ƙwace miki nama a baki?"

Na faɗa mata duka. Ta yi dariya da rabin bakin da ke motsi. Maganarta a hankali take fita yanzu, sai an jira.

"To su sa Bose mana. Ai Bose ce ta ci. Kalsum tana darasin yamma, ki tambayi Baba."

Na ce ba abin dariya ba ne. Ta ce komai abin dariya ne in mutum ya daɗe a kujera ɗaya.

Sai ta tambaye ni yarinyar nan Umaima, an ce tana cikin biyar na yanzu. Na ce tana ciki, mace ɗaya tilo a duk bangon, don tana da bidiyo ɗari a waya. Ta ce na gan ta tana wasa? Na ce ba sai na gani ba.

"Malamar tarihi ke nan," in ji ta. "Hukunci kafin shaida."

Na sha zoɓona.

Talata, 15 ga Yuli

Takardun jarrabawa saba'in da biyu a gabana, na duba tara. Wani ya rubuta mini cewa Turawa ne suka kafa Kano. Na ba shi sifili da zuciya ɗaya.

Wai a haɗa da da yanzu. Da wane ma'auni? Umaima, shekara sha tara, babanta da kansa yake kai ta wasa a kan babur ɗin okada, ya tsaya yana tafi. Tana wasa da hijabinta, sunanta na gaskiya a bayan riga da manyan baƙaƙe. Takalmi mai iska a ciki. Fili santsi kamar faranti. A taɓa ta da yatsa, alƙali ya busa. Ta tsaya can nesa ta jefa, a ba ta uku. Mu a zamaninmu sai an ga jini alƙali yake tuna yana da usur. Kalsum ta koma gida da haƙarƙari a kumbure ta ce wa innarta bokiti ne ya buge ta a rijiya.

A ba Kalsum layin maki uku da uban da zai tafa mata, a ga lissafi. Sittin za ta ci. A ba waɗannan ƙwallonmu da tsoronmu, ko goma ba za su kai ba.

Na san abin da Shafi'i zai ce: 'yan matan da aka buga da su a da ba su da horo, cin su ba wuya. Ya taɓa faɗa. Mutumin da cikinsa ke riga shi shiga ɗaki.

Alhamis, 17 ga Yuli

Na tashi daga makaranta na wuce shagon Sadisu kai tsaye. Ya gan ni ya miƙe.

"Malama, sannu da zuwa, a kawo lemo?"

"Ciyaman, ba ƙishirwa ta kawo ni ba. Layi biyu za ka rubuta: na gani da idona, Bose Alabi ita ce Kalsum. Ka sa hannu."

Ya ce shekara talatin da biyu, fuska ta ɓace masa. Na ce jakar da ka ɗauka fa, ita ma ta ɓace? Sai ya kawo tasa dabarar: a rubuta Bose Alabi a bango yadda jarida ta ce, wanda ya sani ya sani. Wai kowa ya samu.

Na ce mun ɓoye ta tana da sha bakwai don kada a cire ta daga makaranta. Yanzu tana da arba'in da tara, daga ina za a cire ta?

A nan gaskiya ta fito. Alhaji Mato, yayan Kalsum, ya kira shi har gida. Ya ce sunan 'yar Liman ba zai hau bangon filin wasa ba yana raye, mutane su riƙa nunawa suna cewa ashe 'yar Liman ta yi shekara biyu tana yi wa ubanta ƙarya.

"Malama, ki duba matsayina. A sahu ɗaya muke salla da Alhaji. Ni ba na son rigima."

Na ce a watan Afrilu ma a sahu ɗaya kuke. Ya ce a lokacin bai yi tunani ba. Na ce wannan kam na yarda.

Abin da ya fi ƙona ni, Liman ya rasu shekara goma sha ɗaya. Har yanzu ana tsoronsa da bakin wani.

Asabar, 19 ga Yuli

Kasuwar Idumota. Awa biyu da rabi a danfo, ƙafata a kan buhun wani. Na je neman Risikatu, doguwar da aka sa ta tsare Kalsum a wasan ƙarshe. An ce tana sayar da leshi. Layi uku na bi kafin na same ta, ta zama Iya Risi, ta cika ƙofar shago.

Da Yarbanci na ce mata ko ta tuna Bose Alabi. Ta ajiye almakashi.

"Bose wa? Wannan Bahaushiyar? Kowa ya san Bahaushiya ce! Wace Bose ce za ta zage ni da Hausa in na taka mata ƙafa?"

Ta ɗaga haɓa ta nuna mini tabo, wai gwiwar hannun Kalsum ce. Ta ce ta buga wasa shekara tara bayan nan, har a jihohi, ba ta sake haɗuwa da wadda ta sa ta jin kamar an dasa ta a ƙasa ba. Da na faɗa mata halin da Kalsum ke ciki ta zauna a kan bandir ɗin leshi. Ta rubuta shaida shafi guda, ta sa hannu, ta ƙara da yadi biyar a kai mata.

Da yamma na kai wa Shafi'i. Ya karanta har ƙarshe, in ba shi haƙƙinsa.

"Malama, takarda ta yi kyau. Amma dokar ta ce 'yan unguwa."

"Na sani. Ni na rubuta."

"Shi ne na ce."

Wadda aka fasa wa haɓa ta tuna. Wanda ya ɗauki jaka ya manta.

Lahadi, 20 ga Yuli

Ba filin na nufa ba. Hanyar mai niƙa ce ta bi ta nan.

'Yan mata suna atisaye. Na tsaya a bakin waya da robar markaɗe a hannu, na ce minti biyar. Na gane Umaima ba a nuna mini ita ba. Ba ta kai Kalsum tsawo ba. Ta jefa daga nesa sau uku, biyu suka shiga, na ce a raina to, abin da na faɗa ke nan. Sai aka sa mutum biyu su tsare ta. Ta yi kamar za ta dama, ta ratsa ta hagu, wata ta bangaje ta sosai har na ji ƙarar daga inda nake, ba wanda ya busa komai. Ba ta faɗi ba, ba ta waiwaya neman alƙali ba. Ta miƙa ƙwallon ta bayanta ga wata 'yar ƙarama da ba wanda ya lura da ita, ita ta jefa.

Kalsum ba ta taɓa miƙa mini ƙwallo haka ba. Kalsum ba ta miƙa wa kowa. Wannan ban taɓa rubuta shi ba sai yau.

Da suka tsaya shan ruwa ta taho wajena, ta rusuna.

"Mama, ina wuni. Ke ce Kemi?"

Nazifa ce ta ba ta labari. Ta ce in faɗa mata yadda Mama Kalsum take wasa, da wane hannu take juyawa, daga ina take tashi. Ba wanda ya taɓa tambayata wannan. Kullum maki nawa, maki nawa. Na ajiye robar na nuna mata, ni da zanina, mace mai shekara arba'in da tara a bakin titi. Ta gwada sau biyu. Na uku ta yi shi daidai, har yadda Kalsum ke sauke kafaɗa.

Sai ta ce in ba a sa Mama Kalsum ba, za ta ce a cire nata.

Ban san lokacin da na daka mata tsawa ba. Na ce kada ki kuskura. Mace ɗaya a bango ki mai da shi babu? Sunanki ne, ki riƙe shi da hannu biyu.

Markaɗen ya yi tsami kafin na isa gida.

Litinin, 21 ga Yuli

Na kai wa Kalsum leshin. Ta shafa shi da hannun hagu, ta ce ashe Risi tana nan, ta ce haɓar fa? Na ce tabon yana nan. Ta ji daɗi, muguwa.

Sai na yi abin da ya kamata in yi tun ranar farko. Mako biyu ina faɗa da sunanta ban tambaye ta ba. Na ce Kalsum, bar wasa. Yaya Mato ya ce a'a. In ke ma a'a ce, yau zan ajiye maganar.

Ta daɗe. Na ɗauka maganar ce ta maƙale mata kamar yadda take yi.

"Baba ya sani," in ji ta.

Na ce wane Baba?

Ashe bayan wasan da kwana biyu ya kira ta zaure. Wani ya kai masa jaridar, ya gane ta duk da duhun hoton. Ya tambaye ta maki nawa ne ake ci in an jefa sau ɗaya. Ta ce biyu. Ya yi lissafi da yatsunsa, ya ce to kin wahala. Ya ce kada ta sake, kada kuma yayyenta su ji. Ba ta sake ba. Shi ke nan wasanta na ƙarshe, ni kuma duk shekarun nan ina zaton ciwon gwiwa ne ya hana ta.

"Shekara talatin da biyu ba ki faɗa mini ba?"

"Ya ce kada kowa ya ji. Ke kuma bakinki, Rahama."

Sannan ta ce, a hankali, kalma ɗaya-ɗaya: "Ina so a rubuta. Kalsum. In Nazifa ta tura ni a keke in wuce in gani. Ki ce wa Yaya Mato ya zo ya faɗa mini a'a da bakinsa."

Na faɗa mata na ga yarinyar. Ta ce yaya? Na ce ba laifi. Ta dube ni da idon nan nata. Na ce tana miƙa ƙwallo. Ta ce, "To ta fi ni." Na ce ban ce haka ba.

Talata, 22 ga Yuli

Na gama takardun jarrabawa. Shafi'i ya aiko da takardar amincewa da biyar na yanzu, kowane ɗan kwamiti ya sa hannu a gaban kowane suna. Na sa a gaban na Umaima. Don dai takardar ta cika. Alƙalamin ya ɗan danne da yawa, shi ke nan.

Na aika wa Alhaji Mato saƙon ƙanwarsa ta bakin Nazifa, kalma da kalma. Bai je ba tukuna.

Juma'a bayan masallaci ne zaman tantancewa. Ranar ce dattawa za su ga hujjar kowane suna da idonsu kafin mai fenti ya hau tsani. Na zauna na duba biyar na da. Duk biyar ɗin, hujjarsu a akwatina take. Ba wanda ya ajiye ko guntun takarda a cikinsu, ni ce mai tsince-tsince. Ta Sadisu layi biyu ce, maki sha huɗu, a wasan da aka cinye su.

Na rubuta masa, na kai shagon da kaina, na ajiye a kan teburinsa ba tare da na zauna ba. Yana da zuwa Alhamis, 24 ga wata, kafin kiran la'asar. Layi biyu da sa hannu. In la'asar ta yi ban gani ba, ranar Juma'a zan je zaman hannu rabbana, akwatin yana ƙarƙashin gadona a kulle. In Shafi'i ya buɗe littafi, ni zan karanta musu dokar da bakina, sannan in zauna a kujerar gaba in ga yadda maza biyar za su nemo shaidu goma kafin magariba.